Zanen da Babu Dodo

Agona Swedru,
4 ga Satumba.

Zuwa ga matata Gyesiwa,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata kin isa Sunyani lafiya, kuma ƙafar nan taki ba ta kumbura a mota ba. Yaya 'yarmu mai jego Araba? Yaya jaririn? An ce hancina ya ɗauko. In da gaske ne, ki ba shi haƙuri a madadina. Ni lafiyata ƙalau, sai dai miyar da kika bar min ta ƙare tun ranar Laraba, yanzu dokunu, dafaffen ƙullin masarar nan na bakin tasha, nake ci da soyayyen kifi kamar gwauro.

Tunda kunnenki da waya ba sa ga-maciji, kowace magana sai na faɗa sau uku, maƙwabta su ji ke ba ki ji ba, na ga gara mu koma ga takarda. Direban motar Sunyani ya yarda zai riƙa kai miki, ya kawo min amsa.

To, albishirinki. Fiifi ya zo daga Accra ranar Asabar, rungume da tulin takardu ɗaure da roba. Ashe ɗanmu littafi ya rubuta! Duk shekarun nan da muke gunaguni aikin kwamfuta ya cinye shi, ba ya leƙo gida, ashe abin da yake yi ke nan. Shafi ɗari uku da goma sha biyu, da Turanci. Wata ƙaramar maɗaba'a ce za ta buga. Kuma kin san abin da ya kawo shi? Ni yake so in zana masa bangon. Ni, Ekow Bentsil, a kan buhun fulawa, yadda muke yi a da. Ya ce su za su ɗauki hoton zanen su rage shi.

Gyesiwa, sai da na juya baya na yi kamar ina neman wani abu a kan kanta. Shekara goma sha huɗu rabon da wani ya ce in zana masa abin da ba allon shagon aski ba ko sunan coci.

Kin tuna zamanin da Egya Quansah ke yawo ƙauye-ƙauye da talabijin da janareto a bayan mota yana nuna fina-finai? Zanen talla sama da dubu biyu na yi masa. Mutum-mutumin ƙarfe mai jan ido, macijiya mai kai bakwai, mutanen wata duniya masu kan kwaɗo, mayaƙa a bayan tsuntsun wuta. Ko ɗaya ban taɓa kallon fim ɗin kafin in zana ba. Ina lokacin? Kaset ɗaya ne, kuma kullum yana hanya. Quansah zai tsaya a bakin rumfa bai ko kashe mota ba, ya gaya min abu uku: wane ne jarumi, wace ce macen, mene ne dodon. Sauran nawa ne. Kuma ke shaida ce, mutane sun sha fitowa suna cewa zanen ya fi fim ɗin daɗi.

Saboda haka na ce wa Fiifi ya ba ni abu ukun nan. Sai ya ce, "Papa, don Allah ka karanta tukuna. Ka karanta har ƙarshe, sannan ka ɗauki buroshi." Na ce, "Kai yaro, tun ba a san za a haife ka ba nake wannan aiki." Ya sake maimaitawa. Har sau uku ya faɗa, yana kallon ƙasa. Da na matsa masa, sai ya ba ni labarin a gajarce. Wai teku ya cinye gaɓarmu duka, daga Axim har Keta. Waɗanda suka tsira an sa su barci cikin akwatunan sanyi a wani ƙaton kumbo, tafiyar shekara talatin zuwa wata duniya. Mutum biyu ke tuƙi, karɓa-karɓa. Ɗaya ya farka wata shida, ɗaya na barci. Rana guda tak suke ganin juna, ranar miƙa aiki. Kuma suna son juna.

Na ce, "Madalla. Dodon fa?" Ya ce, "Babu dodo, Papa." Na ce, "Littafi babu dodo? Wa zai saya?" Ya yi 'yar dariyar yaƙe, ya sake cewa in dai karanta.

Yaran yanzu ke nan. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Takardun suna nan kan kabad, na danne su da rediyo don kada iska ta kwashe. Na riga na samo buhu biyu masu kyau a gidan burodi, na wanke na ɗinke su, gobe zan shafa farin fenti.

Ki shafa min kan jikana. Ki riƙa ɗaga ƙafar in kin zauna.

Ni ne mijinki,
Ekow.

Agona Swedru,
15 ga Satumba.

Gyesiwa tawa,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, ina fata cibiyar yaron ta warke. Na samu barkonon da kika aiko, na gode. Ni dai jikina lafiya, amma raina a ɓace yake, kuma ɗanki ne ya ɓata shi.

Na gama zanen ranar Juma'a. Ba yabon kai ba, ban taɓa yin kamarsa ba. Kumbon na yi shi da ƙirar kwalekwalen masuntan Elmina, har da tutoci, wuta na fita ta bayansa, taurari ko'ina. A tsakiya ga jarumi, ƙirji kamar ƙofa, bindiga a hannu ɗaya. A ɗaya hannun ga macen cikin jar riga. Kada ki yi fushi, fuskarki na ba ta, ta lokacin da kike sayar da burodi a tasha kina yi min kallon banza. Sannan daga sama na sauko da dodo mai hannu takwas da haƙoran kada, ya naɗe kumbon. Na san ya ce babu, amma wannan gyara ne na mai sana'a.

Jiya Lahadi bayan an taso coci suka iso, shi da Selorm. Kin san shi ai, abokin zamansa ɗan ƙabilar Ewe, ma'aikacin jinyar nan da ya kawo miki maganin ƙafa lokacin Ista. Shekara shida suna haya ɗaya a unguwar Dansoman a Accra. Na kira Egya Quansah ma ya zo ya gani. Na roƙi maƙwabciya ta daka mana sakwara, na yi miyar akuya da kaina.

Da na yaye ƙyallen da na rufe zanen da shi, Quansah ya yi fito ya ce, "Ekow, tsohon maye! Ashe hannun bai mutu ba. Da zamaninmu ne, wannan sai mu kwana uku a gari ɗaya." Na juya in ga fuskar Fiifi. Yana tsaye kamar an dasa shi. Ya daɗe yana kallon macen. Can ya ce, "Papa, ka karanta?"

Gyesiwa, ke kaɗai zan gaya wa. Ga Quansah a tsaye, ga baƙo, ga yaron ya roƙe ni har sau uku. Kunya ta hana ni cewa a'a. Na ce, "Na karanta mana. Tas." Ya ce, "Har ƙarshe?" Na ce, "Har shafin ƙarshe." Ya ce, "Kuma wannan ka zana." Na ce, "Abin da ya dace ke nan."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "Na ji, Papa. Na gode." Shi ke nan fa. Ya ɗauki jakarsa ya fita. Selorm ya tsaya a bakin rumfa yana dubana, ya ce, "Papa, anya kuwa?" Kafin ya ƙarasa Fiifi ya kwaɗa masa kira daga titi, ya bi shi da sauri. Ba su ci abincin ba. Zanen ma bai ɗauka ba.

Kwana takwas ina tsaye da wannan bayan nawa. Jan fentin sai da na je har Kasoa na samo irin wanda nake so. In dodon ne bai yi masa ba, ai sai ya faɗa, aikin awa ɗaya ne in shafe shi. Ni da Quansah muka zauna muka cinye sakwarar mutum huɗu, shi yana ta santi, ni kuwa kamar ƙasa nake haɗiya. Na kira wayarsa sau biyar yau, ba ya ɗauka.

Ke kika fi sanin kansa. Me na yi masa? Ki amsa min ta hannun direban nan gobe.

Mijinki,
Ekow.

Agona Swedru,
27 ga Satumba.

Gyesiwa,

Ina gaishe ki, ina gaida Araba da mijinta da yaron. Ki yafe min jinkirin amsa. Wasiƙarki ta zo, in ma za a kira ta wasiƙa. Layi ɗaya: "Tsohon bunsuru mai taurin kai, ka karanta littafin." Ko gaisuwa babu.

Na karanta. Kwana tara ya ɗauke ni, da tabarau da ƙamus ɗin makarantar Araba.

Matuƙan kumbon sunansu Kobina da Mawuli. Na ce to, abokan aiki ne, macen tana tafe. Shafi ashirin ba ta zo ba. Shafi arba'in ba ta zo ba, har ina cewa yaron nan bai iya tsara labari ba, ana shigo da mace da wuri. A shafi na sittin da uku, ranar miƙa aiki, Mawuli ya farka daga barcin sanyi. A labarin, wanda ya farka hannuwansa sukan sandare, ba ya iya ko riƙe cokali sai bayan awa guda. Sai Kobina ya ɗauki hannuwan ya rufe su cikin nasa, yana hura musu iska da bakinsa. Abin da suka faɗa wa juna a wurin ba irin maganar abokan aiki ba ce. Nan na gane babu macen da ke tafe. Kobina Bafante irinmu, Mawuli ɗan Ewe irin Selorm. Ba sai an yi min bayani ba.

Ba zan yi miki ƙarya ba, na gaji da ƙarya a watan nan. Na yi jifa da takardun. Na shuri gwangwanin shuɗin fenti, har yanzu tabon yana nan a daɓe. Kwana biyu ban buɗe rumfa ba, ban je koyon waƙar coci ba. Na yi fushi da shi, na yi fushi da Selorm da ya ci abincinmu ya kira ni Papa, na yi fushi da ke. Tun yaushe kika sani? Shekara nawa kina kwana kusa da ni da wannan magana a cikinki? Duk lokacin da na kawo zancen 'yar wane ko 'yar wane, ki ce in bar yaro ya huta, ashe kin san abin da kike faɗa.

Na tuna wa'azin Rabaran. Na tuna abin da aka yi wa ɗan telan nan a kasuwa shekara biyu da suka wuce, yadda aka ja shi a ƙasa ana kiransa da sunan da ba zan rubuta ba. Ina tsaye a wurin, Gyesiwa, buroshi a hannuna, ban ce uffan ba. Da na dawo gida har labari na ba ku a kan abinci, kuma Fiifi yana zaune, ya zo hutun Kirsimeti. Me na ce a ranar? Na yi ta ƙoƙarin tunawa, na kasa, kuma na san shi bai manta ba.

Rana ta uku na tsince takardun na jera su bisa lamba. Kada ki ɗauka zuciyata ce ta yi sanyi. So nake in san ko kumbon ya isa. Yaron ya iya labari, Allah ya sani. Akwai inda ruwan shansu ya fara ƙarewa, sai da na manta da shayina har ya huce.

Amma ga abin da ya sa na zauna rubuto miki. Cikin masu barcin akwai mahaifin Kobina. Kowace safiya Kobina yakan bi ta gaban akwatinsa, ya goge raɓar da ke kan gilashin, ya tsaya ya gwada maganar da zai faɗa masa. Shekara da shekaru yana gwadawa. Ba ya tsoron duwatsun da ke yawo a sarari, ba ya tsoron injin ya mutu. Ranar isa yake tsoro, ranar da za a ta da kowa. Na ce wa ɗana littafi babu dodo ba ya sayuwa. Ashe akwai. Yana kwance cikin akwatin gilashi, da furfura, da fenti a ƙarƙashin farcensa.

Kuma kin san yadda littafin ya ƙare? Sun isa. Murfin akwatin ya buɗe. Tsohon ya buɗe ido ya ga ɗansa tsaye riƙe da hannun Mawuli. Nan rubutun ya tsaya. Na juya takardar in ga ko akwai saura a baya, babu. Ni ya bar wa ƙarshen. Ya kawo min shi har gida, ya roƙe ni sau uku, ni kuwa na danne shi da rediyo. Sannan na dube shi a gaban mutane na ce na karanta har shafin ƙarshe, na nuna masa mace a hannun jarumi, na ce abin da ya dace ke nan.

Gaskiyar masu iya magana, rashin sani ya fi dare duhu. Amma nawa ya fi rashin sani muni, tunda na ɗora ƙarya a kai.

Na samu lambar Selorm a jikin kwalin maganinki na kira shi. Ya yi min magana da ladabi. Ya ce Fiifi yana zuwa aiki, yana cin abinci kaɗan, ba ya zancen. Ya ce ranar goma ga Oktoba za a kai littafin injin bugawa, da baƙin bango babu hoto. Sai ya ce akwai kuma wani abu. Fiifi ya ce wa maɗaba'ar su cire Bentsil daga sunansa, su sa wani suna, don kada ya jawo min magana a gari. Na ce ya gaya masa ban karanta ba a lokacin. Ya ce, "Papa, wannan ba daga bakina ya kamata ya ji ba."

Ban san abin da zan yi ba. Ki yi min addu'a, in har ba ki gaji da ni ba.

Ekow.

Agona Swedru,
4 ga Oktoba.

Matata Gyesiwa,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Wannan karon wasiƙarki shafi huɗu ce, na karanta ta sau biyu. Shekara takwas kina sane! Kin ce kin yi kukanki kin gama tun tuni, kina jiran in yi nawa. Na ji. Ban ce na yafe ɓoyon ba, amma na san mijin da kike aure, da ni ne ma ba zan gaya min ba.

Ranar Talata na je wurin Quansah. Na same shi a inuwar mangwaronsa yana gyaran tsohon bidiyon nan da ba zai taɓa tashi ba. Na gaya masa komai, don in ban faɗa wa wani ba zan fashe. Ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya ce, "Ekow, ni abin nan ba na son shi, ba zan ɓoye maka ba." Na ce ni ma ban ce ina so ba. Ya ce, "Amma nawa ɗan yana ƙarƙashin teku tsakanin Libiya da Italiya. Ko kabarin da zan share ban da shi. Kai naka yana Dansoman, kuɗin mota sidi kaɗan, kana zaune kana ba ni labari. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Na ce ni ban ma tabbata ruɓewa ya yi ba, abin da ya fi damuna ke nan. Ya ce, "To tashi ka ba ni wuri, kana tare min haske."

Na fara tunanin in shafe macen da farin fenti in zana namiji a wurin. Na ɗaga buroshi, fuskarki ta dube ni, na kasa. Na naɗe zanen na ajiye. Na koma gidan burodi neman sabon buhu.

Gyesiwa, abin dariya abin kuka. Shekara talatin ina zana maza suna fuskantar juna, ashe ban iya zana su ba sai da makami. Na farko da na yi, kamar za su yi dambe. Na biyu kamar ɗaya ya kama ɓarawo. Hannuna da kansa yake kumbura musu jijiyar wuya, yana ɗaure musu gira. Buhu uku na lalata. Daga baya na koma shafi na sittin da uku na sake karantawa a hankali, na tuna yadda kike riƙe hannuna lokacin da zazzaɓin nan ya kwantar da ni, sai na bar fuskokin na fara daga hannuwa. Daga nan aikin ya yarda.

Da farko na so in ba su fuskar Fiifi da ta Selorm. Sai na tuna ɗan tela. Littafi yana shiga inda mai shi bai sani ba. Don haka na juya su, ana ganinsu ta gefe, hasken wata sabuwar rana ya rufe rabin fuska. Amma ƙaramin yatsan Kobina na lanƙwasa shi, irin na Fiifi, irin nawa, irin na mahaifina. Wanda ya sani ya sani.

Quansah ya leƙo jiya. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya ce, "Ina dodon?" Na ce babu. Ya ce, "Ko bindiga babu? Ekow, da zamaninmu ne da yunwa ta kashe mu." Amma ya daɗe a tsaye, kuma da zai tafi bai yi min tsiya ba.

Fentin yana bushewa. Ranar Laraba zan hau mota. Ban gaya musu ina zuwa ba, don kada a ce min ba sa gida.

Naki,
Ekow.

Agona Swedru,
9 ga Oktoba.

Gyesiwa, abokiyar zamana,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida mai jego da angon ƙarni. Na je na dawo lafiya. Na san tun direban nan bai gama tsayawa ba za ki fizge takardar, don haka ba zan ja ki da nisa ba.

Na isa Dansoman wajen ƙarfe huɗu na yamma, zanen a naɗe a kafaɗa kamar tabarma. A mota wata mata ta zauna a kan gefensa, sai da muka yi cacar baki. Selorm ne ya buɗe ƙofa. Ya gan ni, ya ga abin da ke kafaɗata, ya matsa gefe ya ba ni hanya. Fiifi yana zaune gaban kwamfuta. Ya rame. Ya miƙe ya gaishe ni kamar yadda ake gaida baƙon da ya zo karɓar haraji.

Duk jawabin da na shirya a mota ya gudu. Na ce, "Fiifi, ƙarya na yi maka. Ranar nan ko shafi ɗaya ban karanta ba. Yadda na saba yi wa Quansah na yi maka." Ya dube ni, na ga bai yarda ba. Ya ɗauka ke kika turo ni in gyara magana. Na ce, "Yanzu na karanta. Tambaye ni." Sai ya ce, "Akwatin mahaifin Kobina, lamba nawa ne?" Na ce, "Ɗari huɗu da goma sha bakwai. Lambar rumfata ce a kasuwa, kana tsammani ban gane ba? Kuma ka sa masa sanƙo, ni kuwa gashina na nan."

Selorm ya tuntsire da dariya ya toshe baki. Fiifi bai yi dariya ba. Ya sunkuyar da kai kamar ranar da ya faɗi jarrabawa yana aji uku.

Na shimfiɗa zanen a ƙasa, na danne kusurwoyin da takalma. Suka durƙusa su biyu. Suka zuba masa ido. Na ga lokacin da idon Fiifi ya kai kan yatsan, don ya dubi nasa hannun. Sai ya kifa kai a gwiwata, mutum mai shekara talatin da ɗaya, yana kuka kafaɗunsa na girgiza. Ni ma dai ban tsira ba. Selorm ya tashi ya shiga kicin, ya yi ta buga tukwane don ya ba mu wuri.

Na gaya masa gaskiya. Na ce ban fahimci komai ba, kuma ban san yadda zan daidaita wannan da abin da aka koya min tun ina yaro ba, wataƙila har in mutu ina fama. Na ce ina jin tsoro saboda su, su kula da kansu. Amma tsohon da ke cikin akwatin ya farka, ya gani, kuma bai koma barci ba.

Da ya share fuska ya sake duba zanen, sai ya nuna kusurwar ƙasa. Kin san inda nake sa hannu, da jan fenti: Ekow Bentsil, Swedru. Ya ce, "Papa, wannan za mu goge kafin a buga. Mutanen gida za su gani. Rabaran zai gani. Za su daina kawo maka aiki." Na ce, "Kai, saurara. Na sa sunan nan a ƙarƙashin macijiya mai nono, na sa shi a ƙarƙashin ƙato yana cin kan mutum da cokali, aka rataya a kowace kasuwa daga nan har Tarkwa, ban ji kunya ba. Duka kuma ban san labarinsu ba. Wannan kaɗai ne na sani. A bar min sunana." Na ce nasa sunan kuwa shi ya san inda yake zaune da abin da zai iya ɗauka, ba zan tilasta masa ba.

Selorm ya kawo tuwon masara da miyar kuɓewa irin tasu. Barkonon ya kusa kashe ni, na ce masa in haka yake ciyar da ɗana ba mamaki ya rame. Ya ce, "Papa, ai na rage saboda tsufanka." Ki ji min yaro! Na ƙara kwano na biyu.

Muna cikin ci Fiifi ya tashi ya ɗauki waya ya fita baranda. Ina jin shi yana magana da matar maɗaba'ar. Ya ce an samu hoton bango, gobe da sassafe zai kai. Ta tambaye shi wani abu, ya leƙo ta taga ya dube ni da miya a gemu. Sai na ji ya ce, "A'a, ki mayar da shi yadda yake." Ya fara jera mata harufan Bentsil ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yadda na koya masa da gawayi a bangon rumfa. Na ajiye lomar da ke hannuna har ya kai ƙarshe.

Zanen farko yana ɗakinmu, na rataya shi saitin gado. In kin dawo za ki tarar da kanki cikin jar riga, dodo na shirin haɗiye ki. Ki yi haƙuri da shi, ni ma kin yi haƙuri da ni.

Sun ce za su zo Kirsimeti, su biyu. Ki taho da kifi busasshe mai yawa.

Ni ne mijinki har kullum,
Ekow Bentsil, Swedru.